Yumɓun da Ya Daina Shan Ruwa

Jikokina suna yi mini dariya don ba na shan ruwan firiji. Su yi ta yi. Ruwan da zai sari haƙorinka ya bar ka da ƙishirwarka, ina amfaninsa? Wanda ya sha ruwan randa a garin nan tun ana kiransa Abuja, kafin a karɓe mana sunan a ba mu Suleja, shi ya san abin da nake faɗi. Kuma duk wata randar kirki da ke unguwar Magajiya a wancan zamani, in ka bi asalinta, daga wuri ɗaya ta fito: ramin Baba Almu.

Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. An kawo ni unguwar ina amarya, ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na tarar da shi ya riga ya manyanta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma ko ranar Juma'a in ka duba faratansa sai ka ga ƙasa mai ruwan toka ta maƙale a ciki. Matarsa, Inna Fatsuma, takan ce ita mutum ɗaya ta aura amma wankin mutum uku take yi. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure can Kontagora, saboda haka su biyu ne a gidan, sai kaji.

Baba Almu bai taɓa gina ko kasko ba. Aikinsa haƙo yumɓu ne ga masu ginin tukwane. Ramin yana bayan Kurmin Sarki, kusa da wani ɗan rafi, gadonsa ne daga mahaifinsa. Ana idar da sallar asuba za ka ji ƙarar ƙyaurensa, ya saɓa dagi, ya rataya kwando, ya tafi. Da matakalar da ya sassara a jikin ramin yake sauka, da ita yake hawowa da kwandon a ka, ya zube yumɓun a gindin wata ɗinya, ya lulluɓe shi da ganye. Ba a biyansa da kuɗi. Al'adar tun ta iyaye ita ce maginiya ta ɗebi yumɓu, in ta gina ta gasa, sai ta kawo masa rabonsa na tukwane. Inna Fatsuma ta jera su a ƙofar gida ta sayar. Da wannan suke ci, da shi suke sutura.

Yana da wata magana da duk unguwa ta haddace, don ba ya gajiya da faɗinta: “Tun da na fara shiga ramin nan, tukunya ba ta taɓa fashewa a wuta saboda yumɓuna ba.” In ya faro ta, yaran unguwa su ƙarasa masa. Ba ya jin haushi. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da ilimin da za a kira shi ɗaurin aure, wannan maganar ita ce rawaninsa.

Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Wata rana ya dawo kamar an tono shi, na ce, “Baba, laka ce fa. Ga ta nan birjik a bakin rafi. Me ya kai ka shiga rami sai ka ce gafiya?”

Ya ajiye daginsa, ya dubi tunkuzar da nake matsa, ya ce, “Sailuba, wannan da kike dannewa, don me?”

Na ce, “Don mai ya fita mana. In ban matse ba, ƙulin ya narke a kasko.”

Ya ce, “To, ƙasa ma matsa take yi, sai dai ita ba ta gaggawa. Lakar sama da kike gani, ba abin da ya taɓa zama a kanta. Ta ga ruwa ta kumbura, ta ga rana ta tsattsage. Ki gina tukunya da ita, kafin ki kai ta wuta ta yi baki bakwai. Amma ta ƙasa, tun kafin kakannin kakanninmu ta sama take zaune a kanta, tana danne ta, tana tatse ruwan da ke cikinta. Ga ɗumi a can ƙasa, ba irin na rana ba. Shi ya sa take natsuwa. Tana shan ruwa daidai, tana riƙe abin da aka ba ta.”

Wannan ta ƙasan ita yake kira hanta, don laushinta da duhunta. In ya yanko ta da dagi sai ta fito sumul tana sheƙi. Mahaifinsa ya koya masa cewa duk taku ɗaya da ka ƙara ƙasa, yumɓu yana ƙara kyau, kuma a tsawon rayuwarsa bai ga abin da ya ƙaryata wannan ba.

Maginan da ke zuwa wurinsa mata ne, yawancinsu Gbagyi daga ƙauyukan kewaye, waɗanda a lokacin muke ce wa Gwari. Babbarsu ita ce Asibi, daga wani ƙauye a kan hanyar Garam. Doguwa ce, siririya, ga lofe kullum a baki. Randarta in ka ƙwanƙwasa sai ta amsa kamar tana da rai, in ka zuba ruwa jikinta ya yi ta zufa, cikinta ya yi sanyi har ƙasan zuciya. Da tana zuwa a ƙasa, ta ɗauki yumɓun a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya. Da girma ya zo, sai ɗan ƙanwarta Markus, direban a-kori-kura, ya riƙa kawo ta ranar kasuwa. Sukan fara biyowa ta gidan Baba Almu su sauke rabonsa, sannan a wuce rami.

Na sha bin su don kallo, domin abin dariya ne. Asibi ba ta yarda da ido. Sai ta cire lofen, ta gutsuri yumɓu, ta ɗora a harshe. Yumɓun kirki kama harshe yake yi. In ta ji ya kama, sai ta tofar, ta yatsine fuska, ta ce, “Alumu, wannan ƙasan banza ne. Ka tsufa. Kashin shanu ka kawo mini.”

Shi kuma ya washe baki ya ce, “Uwar ɗakina, harshen ne ya mutu da taba. Bar shi in ba kya so.”

“Zan ɗauka don tausayi,” in ji ta.

Haka suke yi kowane zuwa. Kowa ya san zagin Asibi shi ne yabonta. In yumɓu bai yi mata ba, ba ta zagi, juyawa kawai take ta tafi, kuma na ji an ce ta yi wa wasu mahaƙa hakan, ba ta sake komawa ba.

Kwanakin nan ina tuna su da kewa, ba zan ɓoye ba. Ranar da tukwane suka iso, ƙofar gidan Inna Fatsuma takan cika da mata, ana ƙwanƙwasawa ana ciniki, ƙanshin hayaƙi da na makuba yana tashi daga jikin tukwanen. Baba Almu yana gefe a kan buzu, ya yi kamar ba ruwansa, alhali kunnensa na kan kowace ƙara.

Sai aka wayi gari rediyo ta ce za a gina sabon babban birnin ƙasa a nan kusa da mu. Kafin mu gama fahimta, gari ya cika da baƙi: 'yan kwangila, leburori, ma'aikata daga Kano da Zariya da Kudu, kowa na neman ɗakin haya. Fili ya yi daraja. Gonakin da ke kewaye da ramin Baba Almu aka sayar da su ɗaya bayan ɗaya, aka aza tubalin siminti. A kasuwa kuma bokitin roba da tukunyar ƙarfe suka yi yawa. Maginan suka fara raguwa, wata ta koma sayar da itace, wata ta koma dafa wa leburori abinci. Aka wayi gari Asibi kaɗai ke zuwa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne hantar kanta. Ita ba a tsaye take ba, a kwance take, tana tafiya ta gefe a ƙarƙashin ƙasa, kuma Baba Almu ya saba bin ta duk inda ta nufa. To yanzu inda ta nufa akwai gidan mutum a kai. Mai gidan ya zo da kansa, cikin ladabi, ya roƙe shi kada ya rarake masa ƙarƙashin ɗaki. Gaskiyarsa ce. Baba Almu ya kankare abin da ya rage a nasa ɓangaren har ya ƙare.

Inna Fatsuma ta leƙo ta katanga ta ce mini, “Sailuba, Malam ba ya cin abinci. In ramin nan ya mutu, ban san abin da zan yi da shi ba. Abinci Allah zai kawo. Shi nake ji.”

Amma shi bai ga ramin ya mutu ba. Ba dama a bi gefe, to ai akwai ƙasa. In taku ɗaya yana ƙara kyau, taku goma fa? Ya ce hantar ma ashe somin taɓi ce, uwar yumɓun tana can ƙasa tana jiransa. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kodayake ni ban ga wauta a lokacin ba, har da ni a masu cewa Allah ya sa a dace. Ya shiga haƙa ƙasa. Ya ratsa wata jar tsakuwa, ya ratsa wani yashi mai ruwa, dattijo da shi, yana hawa yana sauka har ƙafafunsa suka kumbura. Damina ta wuce, kaka ta wuce.

Ranar da ya same shi, da rana tsaka ya dawo, yana kiran matarsa tun daga bakin lungu. Muka fito. Abin da ke cikin kwandon kyakkyawa ne, ba ƙarya: shuɗi-shuɗi mai duhu, santsi kamar an goge, kuma fale-fale yake, in ka sa farce sai ya ɓare shafi-shafi kamar kilishin da aka jera aka danne. Ya ce, “Kun gani? Wannan ya sha nauyin da hanta ba ta sha ba. Ko babana bai kai nan ba.”

Ya zuba a kwatanniya, ya zuba ruwa, ya ce zuwa gobe ya jiƙa. Gobe ta yi, yana nan yadda yake, ruwan ma garau. Aka ƙara kwanaki, ko gezau. Busasshen yumɓu kuwa, ko ya shekara a rana, yana jin ruwa zai saki jiki. Baba Almu ya ce taurin kai ne irin na abu mai daraja. Ya ɗauko turmin Inna Fatsuma ya shiga daka. Ranar na ji faɗan da ban taɓa ji ba a gidan, don turmin na gadon uwarta ne, kuma har ya tsage. Ya tankaɗe garin, ya kwaɓa. In ya dunƙula sai ya tsaya, in ya murza zai yi igiya sai ya gutsuttsure. Ya ce hannunsa ne ba na magini ba, gwana ce za ta san kansa.

Ranar kasuwa Asibi ta zo. A gida aka yi abin, don nan ya tara shi, ɗanye da dakakke. Ina tsaye a bakin zaure da Inna Fatsuma, tana riƙe da hannuna. Baba Almu sai zuba yake kamar ba shi ba: zurfin da ya kai, wahalar da ya sha, yadda abin ke sheƙi. Asibi ta cire lofe, ta ɓari ɗan shafi ɗaya, ta ɗora a harshe. Ta daɗe. Ta ɗebi kwaɓaɓɓen ta murza a tafin hannu, ta duba. Sannan ta ɗaga ido ta dubi Baba Almu, tun daga kumburarrun ƙafafunsa har fuskarsa.

Ta ce, “Ya yi kyau, Alumu.”

Ta juya ta ce wa Markus ya loda. Markus ya ɗaga buhu ɗaya ya ce, “Mama, dis wan na siton fa, dutse ne! Lodin nan ya yi hebi, zai kashe mini sufurin ɗin mota.” Ta ce masa wani abu da yarensu, gajere, ya ci gaba da lodi.

Inna Fatsuma ta saki hannuna tana hamdala. Ni ma na yi murna, amma wani abu ya tsaya mini a rai, na rasa ko mene ne. Sai da na koma kan tunkuzata na gane: ba ta zage shi ba. Na ce a raina wataƙila tsufa ne ya sanyaya mata baki, na bar zancen.

Duk da haka ba wanda ya saki jiki, domin wuta ce alƙali. Makonnin nan Baba Almu ko rami bai je ba, yana zaune a ƙofar gida yana kallon hanya. Da a-kori-kurar Markus ta shawo kwana, bai iya tashi ba. Aka sauke randa biyu da tuluna da tukwanen miya. Ya sa aka matso masa da randa ɗaya, ya lanƙwasa yatsa, ya ƙwanƙwasa. Ta amsa, ƙara mai tsawo, tas. Ya sake. Sai ya rufe fuska da hannun riga.

Asibi ta ce, “Ko ɗaya bai fashe ba. Kar ka cika mini kunne.”

Daga ranar Baba Almu ya koma saurayi. Maganarsa ta kullum ta sami ƙari: “Har na ƙasan ma, wanda ba a taɓa kaiwa ba.” Ya koma fita da asuba, ya haƙo, ya hawo da shi kwando-kwando. Asibi ta ce masa ya daina wahalar daka, ita za ta yi a gida yadda take so, Inna Fatsuma ta yi mata addu'a har da ta jikoki. Kowace ranar kasuwa ta biyu ko ta uku motar ta zo, a sauke tukwane, a loda buhuna. Rabon bai kai na da ba, amma ya riƙe gidan. Ni kaina na sayi randa a cikinsu, ina gaya wa kowa cewa ta yumɓun ƙasa ce, shi ya sa ta fi sanyi.

Haka aka yi ta yi har shekarar da sunan Suleja ya fara zama a bakin mutane. A cikin daminarta Baba Almu ya kwanta, ciwon ƙirji, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ya rasu da hankalinsa, yana yi wa Inna Fatsuma wasiyyar a rufe bakin ramin da ƙaya kada akuyar wani ta faɗa. Mun yi kuka, don mutum ne da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba.

Asibi ba ta ji ba, kuma ba ta zo ba, ashe ita ma ciwon ƙafa ya kama ta. Bayan sadakar bakwai Inna Fatsuma, da yake tana takaba, ta ƙulla gumba ta ce in kai mata, in gaya mata da bakina, kada ta ji a kasuwa. Na nemi Markus a tasha ya kai ni.

Na same ta a tsakar gida a kan kujera 'yar tsugunno, tana goge wata tukunya da dutsen gogi. Na gaishe ta, na faɗa mata. Ta ajiye dutsen. Sannan ta ce, “Alumu ya tafi ke nan. Allah ya ba shi wuri mai sanyi.” Ta sa aka kawo mini ruwa. Da na ɗan huta na ce zan kewaya, wata jikarta ta nuna mini bayan ɗaki.

A nan na gan shi. Tsibi ne guda, ya kusa kai tsawon katangar, shuɗi-shuɗi, fale-fale. Damina ta yi ta dukansa, ko narkewa bai yi ba, sai ciyawa da ta kewaye gindinsa. Ga ruɓaɓɓun buhuna a ƙasa, har da garin da aka daka a turmin Inna Fatsuma, ya daskare a gefe. Duk abin da Baba Almu ya hawo da shi a kansa tun daga ranar farko, ga shi nan ba a taɓa ba. Na tsaya har na manta abin da ya kawo ni.

Na dawo na durƙusa a gabanta na ce, “Iya, mene ne wancan a bayan ɗaki?”

Ta ce, “Kin gani ai.”

“To tukwanen fa? Randar da ke ɗakina fa?”

Ta nuna gabas da lofenta. Akwai wani rafi can bayan duwatsu, in ji ta, yumɓunsa bai kai hanta ba, sai an tsince, an tace, an haɗa da wani. Can take zuwa, ita da jikokinta, a kafaɗa suke ɗaukowa, don mota ba ta shiga. Na dubi ƙafafunta da suka kumbura.

Ta ce, “Wancan na Alumu ba bushewa ya yi ba, 'yata. Wanda ya bushe, ka ba shi ruwa, yana dawowa. Wannan nauyi ya yi masa yawa, ya zama wani abu dabam. Ya kama hanyan dutse. Tun da na sa a harshe na sani, bai kama ni ba.”

Na ce, “Don me ba ki gaya masa ba? Kina biyan rabo a kan abin da ba ki amfana da shi ba, ga wahalar mota, ga ta rafi!” Har da ɗaga murya, don raina ya ɓaci, ban ma san da wa nake fushin ba.

Ta dube ni kamar yadda ake duban yaro. Ta ce, “Ina yarinya babansa ya ba ni yumɓu. Na yi aure, shi ya ba ni. Na haifi 'ya'ya, na binne wasu, yumɓunsa ya ciyar da sauran. Bai taɓa ba ni mara kyau ba. Ranan nan na ga ƙafansa, na ga idonsa. In na ce masa rami ya mutu, da safe ina zai je?”

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ban musa wa magabata ba, amma ranar na kasa ce mata ta yi laifi. Kuka na yi sosai, ita kuwa ta koma gugar tukunyarta, ta bar ni na gama.

Da na tashi tafiya ta ce in dakata. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga rumfar da take ajiye gasassun kaya, ta yi ta ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Ta ware tuluna biyu da tukwane uku, waɗanda suka fi amsawa, ta ce Markus ya sa a mota ya kewaye su da ciyawa.

Ta ce, “Ki kai wa Fatsuma. Ki ce rabon Alumu ne na lodin ƙarshe. Ki ce ko ɗaya bai fashe ba.”

Na kai, na faɗa mata kamar yadda aka ce in faɗa.